Yadda Ake Zaɓa wa Ƙaramar Bindigar Iska Na'urar Saiti

Saitin ƙarfe da ke zuwa da ƙaramar bindigar iska yana neman ido ya haɗa abu uku a layi ɗaya: tsagar baya, tsinin gaba, da abin da ake bara. Ido kuwa ba ya ganin ukun tar a lokaci guda, kuma da zarar shekaru sun haura arba'in sai tsinin gaban ya fara dishi-dishi. Wannan ne ke kai masu wasan harbi ga na'urori biyu, jan ɗigo da leza. A kanti sukan yi kama, domin kowanne ɗigon haske yake nunawa, amma aikinsu ya sha bamban. Jan ɗigo ƙaramar fitila ce a cikin na'ura, tana jefa haskenta a kan gilashi, sai maharbi ya ga ɗigon kamar yana kan abin bara alhali babu abin da ya fita waje. Kamfanin Aimpoint na Suwidin ne ya fito da irinsa mai batir a 1975. Leza kuwa haskenta yana tafiya har ya sauka a jikin abin baran, kowa na kusa yana ganinsa.

Kafin a je kanti sai a san doka. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska, babba da ƙarama, cikin waɗanda ba a riƙewa sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. A Jamus an yarda da jan ɗigo, amma mallakar lezar da aka yi don ɗaurawa a bindiga laifi ne. Mai niyyar shiga gasa kuma ya sani cewa a harbin mita 10 na ƙaramar bindigar iska, wanda ya shiga wasannin Olamfik a 1988, ba a yarda da ko ɗaya daga cikin biyun ba, saitin ƙarfe kawai ake amfani da shi.

Mataki na farko shi ne duba bindigar kanta, kuma a nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta. Wadda ke aiki da sifirin, irin Weihrauch HW45, tana girgiza gaba da baya a harbi ɗaya, domin fiston yana zabura ya tsaya cak. Wannan girgiza mai fuska biyu tana kwance sukurori, tana gusar da saiti, wani lokaci ta kashe na'ura mai araha cikin ƙanƙanin lokaci. Mai irin wannan bindiga ya nemi na'urar da aka rubuta a kwalinta cewa tana jure bindigar sifirin. Wadda ake bugawa iska da hannu, kamar Beeman P17 ko Crosman 1377, da mai ƙaramar tukunyar gas ta giram 12, da wadda ake cika wa iska da famfo, duk ba su da wannan matsala. Akwai kuma masu gas da aka ƙera da siffar bindigar gaske, waɗanda samansu ke ja da baya a kowane harbi. Ɗora wa wannan saman nauyi yana rage masa kuzari kuma yana shan gas, shi ya sa galibinsu leza ake ɗaura musu a ƙarƙashin baki.

Daga nan sai a auna layin da ake ɗaura na'urar a kai. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai siriri mai faɗin milimita 11, wanda aka saba gani a bindigogin iska, akwai kuma mai faɗin kusan milimita 21 mai tsaga-tsaga, wanda ake kira Weaver ko Picatinny. Mafi yawan jan ɗigo na kasuwa da ƙafar mai faɗin suke zuwa, don haka mai siririn layi zai buƙaci mahaɗi. A auna da rula, kada a yi ƙiyasi da ido. Wasu bindigogin ma ba su da layin gaba ɗaya. Crosman 2240 da ke zuwa da gidan harsashi na roba sai an canza masa na ƙarfe, ko a sa maƙalai a jikin bututun, kafin a sami inda za a ɗaura komai.

Sai tambayar da ya kamata ta raba gardama: a ina za ka riƙa harbi, kuma daga wace tazara? Jar leza tana fita ras a cikin ɗaki ko da yamma, amma a tsakar rana a fili sai ta ɓace bayan 'yan mitoci, mutum ya tsaya yana laluben ɗigonsa a jikin takarda. Koriya ta fi ta fita, domin idon ɗan Adam ya fi kama koren haske, sai dai ta fi tsada kuma ta fi shan batir. Jan ɗigo bai damu da wannan ba, tunda ɗigon a kan gilashi yake, ana ƙara masa haske ko a rage da maɓalli. A ganina wannan kaɗai ya isa ya ba shi rinjaye wurin duk wanda zai yi harbi a waje. Inda leza ta yi fice shi ne koyo. Tana tona rawar hannu a fili, kuma idan mutum yana fizgar kunama maimakon ya matsa ta a hankali, malaminsa zai ga ɗigon ya zabura gefe kafin harbin ya fita. Wanda zai sayi leza ya tsaya a kan wadda ƙarfinta bai wuce miliwat 5 ba, kuma kada ta taɓa haska idon mutum ko na dabba.

Idan jan ɗigo aka tsayar, girman ɗigon ne abin dubawa na gaba. Za a ga an rubuta MOA da lamba a jikin kwali. MOA ɗaya kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri, wanda a tazarar mita 10 yake rufe kusan milimita 3. Ke nan ɗigo mai MOA 3 zai rufe kusan milimita 9, mai MOA 6 kuma ya haura milimita 17. Da'irar maki goma a takardar gasa ta mita 10 faɗinta milimita 11.5 ne, don haka babban ɗigo zai haɗiye ta gaba ɗaya. Mai harbin takarda ya ɗauki MOA 2 zuwa 3. Mai harbin gwangwani don nishaɗi zai fi jin daɗin 4 zuwa 6, domin ido ya fi saurin cafke shi kuma rawarsa ba ta cika tayar da hankali ba. A kula da nauyi ma, saboda bindigar da ake riƙewa da miƙaƙƙen hannu kowane giram ana jin sa a kafaɗa.

Kada a biya kuɗi sai an leƙa. Wasu mutane suna ganin ɗigon ya bazu kamar tauraro mai wutsiya, sai su ɗauka na'urar ce ta lalace. A juya na'urar a hannu ana kallo. Idan bazuwar ta juya tare da ita, laifin na'ura ne. Idan ta tsaya inda take, daga ido ne, kuma tabarau na likita kan gyara shi. Rage haske ma yana taimakawa ƙwarai, domin yawancin mutane suna ƙure shi fiye da kima.

Wajen ɗaurawa, a tabbatar babu harsashi a ciki, a goge mai daga jikin layin, a ɗaure sukurori bi da bi ba tare da murɗewa da ƙarfin tsiya ba, musamman idan layin na roba ne.

Saura daidaita saiti, wanda shi ne ke nuna ko an yi aikin ko ba a yi ba. A kafa babbar takarda a mita 10, a bayanta a sa abin da zai tare harsashi, kamar akwatin da aka cika da tsummoki a jingine da bango, a sa tabarau na kariya. A ɗora hannaye a kan jakar yashi, a buɗe ido biyu, a dubi abin bara, a bar ɗigon ya hau kansa. A yi harbi biyar a wuri ɗaya ba tare da taɓa komai ba, sannan a nemi tsakiyar ramukan biyar. Ita ake gyarawa, bin rami ɗaya-ɗaya ɓata lokaci ne. Na'urar tana da sukuru biyu, na sama da ƙasa da na hagu da dama. Idan takardarta ta ce kowane ƙas ɗaya na juya sukurun MOA 1 ne, kuma ramukan sun sauka santimita 3 a hagu, to ƙas goma ake buƙata zuwa dama. A sake harbi biyar a gani. A riƙa tsayar da ɗigon a tsakiyar gilashi, domin a gajeriyar tazara idan ya karkata gefe harbin ma yana ɗan kaucewa.

Mai bindigar gas ya riƙa jinkirtawa tsakanin harbi da harbi, saboda tukunyar tana yin sanyi idan aka jera, ƙarfi ya ragu, harsashi ya sauka ƙasa. A kuma tsaya a kan harsashi iri ɗaya, canza nauyinsa yana canza inda zai sauka. Ita leza da ke ƙarƙashin baki, haskenta da hanyar harsashi a tazarar da aka daidaita suke haɗuwa, matsawa gaba ko baya kuwa sai sun rabu.

Wanda bindigarsa ke da layi a sama kuma zai yi harbi da rana, ya sayi ƙaramin jan ɗigo mai MOA 3, ya ajiye batir na CR2032 guda a aljihun jaka idan shi na'urarsa ke ci. Leza a bar wa mai harbin cikin ɗaki, da mai koyar da sabon hannu.