Hunturu da Tukwanen Shukarki

Bara warhaka tukwane bakwai na jera a bakin ƙofar ɗakina: na'a-na'a, ɗoɗɗoya, tumatir biyu da 'yan furanni. Kafin Fabrairu ya fita saura uku. Na yi ta ɗora wa sanyi laifi, sai da wani dattijo mai lambu ya zazzage tukunya ɗaya ya nuna mini saiwa ta ruɓe baƙi ƙirin. Ya ce, "Hajiya, ai ruwa ne ya kashe ta." Ga abin da na koya tun daga ranar.

1. Kada ki shayar don tausayi. Iskar hunturu tana busar da saman ƙasa cikin sa'a guda, alhali can ƙasan tukunya jagab yake. Ki tura yatsa har gaɓa ta biyu, in kin ji danshi ki bari sai gobe. Shukar da ke cikin ɗaki ba ta samun rana sosai, girmanta ya ragu, shan ruwanta ma ya ragu. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, mai ƙishi da wadda saiwarta ta ruɓe duk yaushi suke yi iri ɗaya, sai a ƙara wa ta biyun ruwa a ƙarasa ta. Tukunyar ƙasa tana numfashi, ta fi yafe kuskure. Bokitin fenti ko roba kuwa, in ba a huda gindinsa ba, kabari ne.

2. Ki wanke musu fuska. Ƙurar nan da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi tana kwanciya a kan ganye, ta tare haske, ta toshe ƙananan ƙofofin da yake shaƙar iska da su, waɗanda yawancinsu a bayan ganye suke. Sau ɗaya a mako ki goge masu faɗin ganye da jiƙaƙƙen tsumma, gaba da baya. Ƙananan kuma a yayyafa musu ruwa da hantsi.

3. Ki kafa zana ko tsohuwar tabarma a ɓangaren arewa maso gabas, inda iskar ke fitowa.

4. Ki shuka abin da lokacin yake so. Latas, karas, kabeji, albasa da tumatir hunturu ne kakarsu, shi ya sa kwandunan manoman Kadawa ke cika kasuwa. Kuɓewa kuwa za ta tsaya cak tana kallonki har zafi ya dawo. Zogale in ya kakkaɓe ganye kada ki tuge shi. Ki ɗan kankare ɓawon da farce, in kin ga kore yana da rai, ki datse kansa ya yi rassa.

5. Ki riƙa leƙa bayan ganye. Darɓa da wasu mitsi-mitsin jajayen ƙwari masu saƙa kamar ta gizo-gizo suna son busasshiyar iska. A daka ƙwallon darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace, a ɗan sa sabulun salo, a fesa da yamma. Mai tumatir ta ƙara sa ido idan zafi ya fara shigowa: in kin ga fararen hanyoyi a cikin ganye, ki tsinke shi ki ƙona. Tsutsar da manoma ke kira sharon ke nan, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016.

6. Ruwan alwala da na wankin shinkafa, bismillah. Ruwan omo kuwa gishirinsa yana taruwa a tukunya ya ƙone saiwa.

7. Ki rufe saman tukunya da ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa don danshi ya daɗe, amma in gidanku na da gara ki riƙa ɗagawa kina dubawa. Taki kuma a jinkirta shi, musamman ɗanyen kashin kaji.

8. Daren da sanyi ya tsananta aka shigo da kaskon gawayi, ki janye tukwane daga kusa da shi, zafin yana babbake ganye. Kaskon kansa kada ya kwana a ɗaki a rufe, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum cikin barci. Ki fitar da shi tsakar gida kafin ki ja ƙofa.