Darasi: Me Lambar Na'urar Awon Suga Take Faɗa Mana?

'Yan'uwa, sabon mai ciwon suga lamba ɗaya kan tsorata shi. Mu fara duba lokacin awon. Kafin karin kumallo ana so ta tsaya tsakanin 80 da 130. Awa biyu bayan tuwo, ƙasa da 180. Wata na'urar 7 take nunawa inda wata ta nuna 126. Ma'auninsu ne daban, sai a ninka ƙaramar lambar sau 18.

Mu wanke hannu tukuna, ruwan mangwaro ko rake a yatsa yana ɗaga lamba.

In ta sauka ƙasa da 70, ga rawar jiki da gumi, ba a jira: a sha ruwan sukari nan take. Mu rubuta kowane awo da lokacinsa, mu nuna wa ma'aikacin lafiya a Toranke ko asibitin Gaya kafin mu taɓa magani.