Wane Baƙin Mai Ya Dace da Tsohuwar A-kori-kura?

Jama'a, ga ƙarin bayani kan bidiyonmu. Da na sayi Toyota Tacoma ƙirar 2003 a nan Greensboro, 20W-50 na zuba mata, yadda muka saba a Maraɗi. Ran wata safiya cikin sanyin Janairu, a titin Elm, sai inji ya kama ƙwanƙwasa: man ya yi kauri, bai zagaya da wuri ba.

Kafin juye, ku duba littafin motarku. Tawa 5W-30 take sha. Ƙanƙantar lambar farko, saurin gudanar mai cikin sanyi. Man birkinta DOT 3 ne, kar a gauraya shi da DOT 5. Lagireto kuwa, ban da ruwa zalla: daskarewa zai yi, ya tsaga inji.