Kogin da kifi ya ƙaurace wa

Sen kogi ne na ƙasar Faransa. Tsawonsa kilomita 777. Yana ratsa birnin Paris ta tsakiya, kamar yadda kogin Kwara yake ratsa Yamai, sannan ya gangara ya faɗa teku.

A da, akwai kifi iri-iri cikin Sen. Amma birni ya yi ta girma. Ruwan wanka da na wanki, da na salga, da na masana'antu, duk cikin kogi suke ƙarewa. A shekarar 1923 hukuma ta hana mutane yin wanka a ciki. A wajajen 1970 kuwa, kifi iri 3 kawai ake samu a Paris.

Me ya kori sauran? Yara, kifi ma yana numfashi. Akwai iskar shaƙa da ke narke cikin ruwa, ko da yake ido ba ya ganinta. Kifi yana zuƙarta ta wuraren nan jajaye da ke ƙarƙashin kunnuwansa. Idan ƙazanta ta shiga kogi, sai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta su taru suna cinta. Su ma da wannan iska suke rayuwa. In ƙazantar ta yi yawa, sai su shanye iskar duka, kifi ya rasa. Ruwa ga shi cike da kogi, amma kifi ya shaƙe ya mutu.

Wani zai ce: to, a sayo ƴaƴan kifi a zuba mana! Wannan asarar kuɗi ce. Wanda ya zuba kifi cikin ruwan da ba iska, kamar wanda ya shuka hatsi ne bisa dutse. Kafin a kashe ko dala, sai masana sun bincika kogin sun gano ko zai iya riƙe kifi.

Suna fara auna iskar da ke cikin ruwan. Ba sau ɗaya ba: da safe da maraice, da sanyi da zafi, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. In lita ɗaya tana da miligiram 5 ko fiye, yawancin kifaye suna walawa. In ta yi ƙasa da 3, sai wahala. Bayan haka su duba bakin kogi. Kifi yana bukatar ciyawa ko tsakuwa inda zai yi ƙwai, inda ƴaƴansa za su ɓuya. Gaɓar da aka shafe da siminti ba ta da wannan. Suna kuma duba hanya: akwai madatsar ruwa da ta tare kifi? In akwai, sai a gina masa wani magudanar ruwa mai matakala a gefe, ya bi ya hau.

Ƙidayar kifin ma da dabara ake yi. Masana suna sa lantarki kaɗan cikin ruwa daga jirgi. Kifi ya suma na ɗan lokaci, a kama shi, a auna, a rubuta sunansa, a mayar da shi da rai.

A Paris an gane cewa babbar matsala ita ce ƙazamin ruwan gari. Aka faɗaɗa ma'aikatun tace shi, aka gina sababbi. Aikin ya ɗauki shekaru da yawa, kuma an sha komawa baya. A 1992 an yi ruwan sama mai ƙarfi, magudanan gari suka cika suka amayar da ƙazanta cikin kogi, kifi mai ɗimbin yawa ya mutu. Shi ya sa a 2024 aka buɗe wani ƙaton tanki a ƙarƙashin ƙasa, mai ɗaukar lita miliyan 50, don ya tare irin wannan ruwa har a tace shi.

Yau kifin Sen a Paris ya wuce iri 30. Har wani kifi mai suna somo, wanda ba ya jure ƙazamin ruwa, ya sake hawowa daga teku: a 2008 an ƙidaya 260 suna wuce madatsar garin Poses. A watan Yuli na 2025 aka sake ba mutane izinin wanka a wurare 3 cikin birnin.

To, mu fa? A Yamai, ƙoramar Gunti Yena tana kwaso ruwan unguwanni da leda ta zuba cikin Kwara. Rairayi yana cike kogin, wata baƙuwar kainuwa mai fure tana rufe fuskar ruwa. A 1985 ma, saboda fari, kogin ya daina gudu a Yamai. Amma kada launi ya ruɗe ku. Da damina Kwara yakan yi ja saboda laka, kuma a lokacin ne kifaye da yawa suke shiga cikin burgu su yi ƙwai. Kada kuma ku ga tarwaɗa ku ce ruwa lafiya lau: tarwaɗa tana iya ɗago kai ta shaƙi iskar waje, don haka tana zama ko a ruwa mai wari. Giwan ruwa ne ba ya iyawa. Inda masunta suke kama giwan ruwa, akwai iska a ruwan.

Kalmomi
iskar shaƙa: l'oxygène
madatsar ruwa: le barrage
giwan ruwa: le capitaine
tarwaɗa: le silure

Tambayoyi
1. Kifi iri nawa ake samu a Paris a wajajen 1970? Yau fa?
2. Yaya ƙazanta take kashe kifi ko da ba guba a cikinta?
3. Don me ganin tarwaɗa bai isa shaida ba?

Aiki
Ku je wurin wani tsohon masunci, ku gaishe shi da ladabi, ku ce: "Baba, waɗanne kifaye ne kuke kamawa kuna samari, waɗanda yanzu suka yi wuya?" Ku rubuta sunayen da Hausa cikin littafinku. Ku kawo wa malam ran Litinin, a nemo sunayensu da Faransanci.