Lissafin Dokar da ta Fi Ƙarfin Wasa

A shekarar 1974 ne wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons. Ba wasan kwamfuta ba ne. Mutum huɗu ko biyar ne ke kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani a cikin labari, wannan mayaƙi, wancan matsafi, sannan mutum guda ya zama jagora, shi ke ba da labarin, shi ke yanke hukunci. Idan mayaƙi ya kai wa dodo sara, ba baki ke raba gardama ba. Sai a jefa dayis irin na wasan lido, amma mai fuska 20 maimakon 6.

Kamar yadda mahauta da direbobin tasha ke da sararsu, haka ma masu wannan wasa. Dokar da ta bai wa wani ƙarfin da ya wuce kima suna ce mata "OP", wato ta yi ƙarfi da yawa. In abin ya kai ga lalata wasan baki ɗaya, sai su ce "broken", ta karye ke nan. Idan kuwa mawallafa suka rage mata kaifi, an yi mata "nerf", sunan da aka aro daga wasu kayan wasan yara na soso waɗanda ko an jefi mutum da su ba ya jin zafi. Baƙo zai ɗauka shirme ne na matasa, alhali kowace kalma a nan tana nuni ne ga abin da za a iya aunawa da lissafi.

A ɗauki misali daga bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014. A cikinsa akwai dokar fifiko: wanda ya sami galaba a kan abokin karawarsa, alal misali ya same shi a kwance, zai jefa dayis biyu ya ɗauki wanda ya fi yawa. A ce yana bukatar 11 ko fiye. Da dayis ɗaya, fuska 10 cikin 20 ne za su fisshe shi, wato kashi 50 cikin 100. Da guda biyu kuwa, ba zai faɗi ba sai dukkansu sun gaza, rabi sau rabi ke nan, ɗaya bisa huɗu. Nasararsa ta tashi zuwa kashi 75. To amma in 20 cif yake bukata, yiwuwar gazawa ita ce 19/20 sau 19/20, wato 361/400, nasara kuma 39/400, kashi 9.75 kacal maimakon 5. Doka ɗaya ce, amma a nan ta ƙara 25, a can ba ta kai 5 ba. Saboda haka duk wanda ya ce doka kaza ta yi ƙarfi, sai a fara tambayarsa: a wane hali?

Dokar da ke karya wasa da gaske yawanci ba mai ƙari ba ce, mai ninkawa ce. A bugu na uku, na shekarar 2000, akwai wani tsafin gaggawa da ake kira "Haste", mai bai wa ɗan wasa ƙarin aiki guda a kowane zagaye. Ga matsafi, wannan na nufin tsafi biyu a lokacin da da can ɗaya zai yi. Duk abin da ya iya ya ninku. Wane matsafi mai hankali ne zai bar wannan ya zaɓi wani abu? Alamar karyewa ke nan: littafi cike da zaɓi, amma kowa hanya ɗaya yake bi. A gyararren bugun 2003 aka cire wannan dama, aka bar ƙarin sara ɗaya ga mai riƙe da makami.

Ɗalibin ilimin halittu ba zai rasa gane wannan hoto ba. A 1935 aka kai wani babban kwaɗo daga Hawai zuwa arewa maso gabashin Ostireliya domin ya cinye ƙwarin da ke ɓata gonakin rake. Macensa na zuba dubban ƙwai a lokaci guda, fatarsa kuma na da dafin da dabbobin ƙasar ba su saba da shi ba, har macizai da guzaye na mutuwa in sun haɗiye shi. Ƙwarin bai gama da su ba, shi kuwa ya yi ta ninkuwa ba mai taka masa burki. Mawallafan wasa sun gyara kurensu cikin shekara uku. Kwaɗon har yau yana nan yana yaɗuwa.

Malami na iya gwada dokar fifiko a aji da dayis ɗin lido guda biyu. Ɗalibai su kasu gida biyu, kowane rukuni ya yi jifa 100 yana neman 6, na farko da dayis ɗaya, na biyu da biyu yana ɗaukar mafi yawa. Kafin a fara, kowa ya lissafa abin da yake tsammani: 1/6 ga na farko, 11/36 ga na biyu. Sannan a sauya abin nema zuwa 4 ko fiye, a sake jefawa, a kwatanta tazarar.