Bel Ɗin Taimin: Yaushe Ya Kamata Mai Mota Ya Canja Shi?

A garejojin da ke kewayen Kasuwar Gamboru a Maiduguri, ba baƙon abu ba ne a janyo mota da igiya, mai ita yana rantsuwa cewa tana cikin tafiya lafiya lau ta mutu, ba ƙara ba hayaƙi. Sau da yawa idan bakanike ya buɗe murfin gaban inji, sai a tarar bel ɗin taimin ne ya tsinke.

Wannan bel na roba ne mai haƙora, kuma ba shi ne fambel da ake gani a waje ba. Aikinsa shi ne daidaita juyawar sandar da fistin ke turawa da ta sandar da ke buɗe bawul: ta farko ta juya sau biyu, ta biyu sau ɗaya. A injuna da dama, fistin da bawul wuri ɗaya suke amfani da shi, lokaci ne kawai ya raba su. Da zarar bel ya tsinke sai su yi karo, bawul ya lanƙwashe, wani lokaci fistin ya fashe. Haka injin Honda Accord na 1998 zuwa 2002 yake. Toyota Camry mai silinda huɗu ta 1997 zuwa 2001 kuwa tsayawa kawai za ta yi, sai dai tsayawa a hanyar Dikwa da yamma ba ƙaramar asara ba ce. Tsohuwar Peugeot 504 sarƙa take amfani da ita, shi ya sa direbobin da suka koma 406 wasunsu suka koyi darasin da tsada.

Yawancin kamfanonin ƙera motoci sun ƙayyade canji tsakanin kilomita 60,000 zuwa 160,000, ko shekara 5 zuwa 7, duk wanda ya riga zuwa. Littafin motar shi ne alƙali. Sharaɗin shekaru shi ne aka fi mantawa da shi, alhali roba tana tsufa ko da motar a ajiye take, balle a garin da zafinsa kan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Man inji da ke ɗiga a kan bel shi ma yana rage masa kwana.

Akwai kuma tarko biyu ga masu sayen tokumbo. Motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga, kuma mil 60,000 ya kai kusan kilomita 96,000. Sannan ba kowace mita ce ke faɗin gaskiya ba. Wanda ya sayi mota ba tare da shaidar ranar da aka canja bel ba, hankali ya ba da ya ɗauka ba a taɓa canjawa ba. Motocin da suka nutse a ambaliyar watan Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye unguwanni har da Gamboru, suna buƙatar dubawa ta musamman, domin laka tana cinye boris ɗin tayoyin da bel ke bi ta kansu.

Tun daga 2023, da aka janye tallafin man fetur darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyaran da ake shigowa da su sun yi tsada, kuma masu motocin haya da yawa sun koma jiran abu ya lalace kafin su gyara. Wannan dabara tana iya aiki ga fitila ko hon, amma ba ga bel ɗin taimin ba, domin ba ya yin gargaɗi. Canjinsa kuɗi ne sananne da aikin yini ɗaya. Tsinkewarsa kuwa ta ƙunshi kuɗin janyo mota, sauke kan inji, sababbin bawul, da kwanakin da motar za ta yi ba ta kawo balas, ga kuma bel ɗin da dole dai a saya.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke cin kilomita 200 a yini, kwana 300 a shekara, tana yin 60,000 a shekara guda. Mai ita ya raba kuɗin canjin gida 300, ya riƙa ware kashi ɗaya kullum kamar zubin adashi. Ranar canji, a haɗa da tayar da ke ɗaure bel, da famfon ruwa idan bel ɗin ne ke juya shi, tunda kuɗin aikin kwancewa ɗaya ne. Bakanike ya rubuta kwanan wata da adadin kilomita a jikin murfin.