Filin Kimiyya: Ƙwayoyin Giliya da Abin da Suke Koya Mana Game da Farfaɗiya

A darasin Bayoloji an koya mana cewa ƙwaƙwalwa tana aiki ne da ƙwayoyin jijiya da ake kira nuron. To, a wannan makon za mu gabatar muku da abokan zamansu, wato ƙwayoyin giliya.

A shekarar 1856 wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya raɗa musu wannan suna daga kalmar Girkanci mai nufin danƙo, domin a zatonsa aikinsu kawai su riƙe nuron wuri ɗaya. A 2009 masu bincike a Brazil, ƙarƙashin Suzana Herculano-Houzel, suka ƙirga nuron kusan biliyan 86 a ƙwaƙwalwar mutum, suka kuma tarar yawan sauran ƙwayoyin, waɗanda akasarinsu giliya ne, ya yi kusa da haka.

Yaya saƙo yake tafiya?

Tsakanin nuron biyu akwai ɗan ƙaramin giɓi. Mai aikawa yana sakin wani sinadari a cikin giɓin, sinadarin ya je ya zauna a kan makarɓarsa a jikin nuron na gaba, kamar yadda mabuɗi yake shiga kwaɗonsa. Gulutamet sinadari ne mai zaburar da nuron, GABA kuma mai kwantar da shi.

A da an ɗauka nuron kaɗai ke da makarɓa. A 1990 Ann Cornell-Bell da abokan aikinta a Jami'ar Yale ta Amurka suka zuba gulutamet a kan wani nau'in giliya mai siffar tauraro, wanda ake kira astirosait. Nan take kalsiyam ya ƙaru a cikinsu, ya riƙa bi daga wannan ƙwaya zuwa waccan kamar igiyar ruwa. Ashe su ma suna da makarɓa, kuma suna jin abin da nuron ke yi.

Me suke yi da abin da suka ji?

Duk wanda ya taɓa bin mahaifinsa noman rani a fadamun Tambuwal ko Kebbe ya san ana buɗe wa fangali ruwa, idan ya sha a toshe. In aka bar ruwan ya kwanta, albasa ta ruɓe. Haka gulutamet yake. Da ya gama isar da saƙo, astirosait suna zuƙe ragowar, su juya shi ya zama gulutamin, su mayar wa nuron ya sake amfani da shi. Suna kuma kwashe fotasiyam ɗin da ya yi yawa, su taimaka a ƙaro jini zuwa sashen da ke aiki.

Idan wannan shara ta yi rauni, gulutamet yakan taru, nuron masu ɗimbin yawa su zabura lokaci guda. Wannan na daga cikin abubuwan da masana ke alaƙantawa da farfaɗiya. Sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da buguwar kai a haɗarin babur, duk suna iya barin tabon da zai jawo ta.

Ina ruwanmu da wannan?

Sau da yawa idan ɗalibi ya faɗi a aji ko a filin taro, sai kowa ya watse, wai kada yawunsa ya taɓa shi. 'Yan uwa, farfaɗiya ba a ɗaukarta, ko ta yawu ko ta taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kusan miliyan 50 ke fama da ita, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan suka sami magani daidai.

Idan abin ya faru a gabanka:

1. Janye shi daga wuta, ruwa ko benci.
2. Sa riga ko wani abu mai taushi a ƙarƙashin kansa.
3. Kada ka danne shi, kada ka cusa masa cokali ko ruwa a baki.
4. Da jijjigar ta lafa, kwantar da shi a gefe ɗaya.
5. Kira malami. In ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.

Akwai ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Idan ɗan uwanmu ya farfaɗo, mu zauna kusa da shi, mu ci abinci tare kamar kullum.

Tambayar mako: mene ne bambancin aikin gulutamet da na GABA? A jefa amsa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunan wanda ya fara cinka a fitowa ta gaba.